Magungunan Rage Kitsen Jini: Bambancinsu da Wanda Ya Dace da Majinyatan Madawa, Buza da Keita

Kolestarol, wanda jama'a suka fi sani da kitsen jini, wani maiƙo ne da jikin ɗan Adam ba ya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi hanta ke haɗa ruwan matsarmama mai narkar da abinci, da shi kuma jiki ke samar da sinadaran da suka bambanta namiji da mace. Kaso mafi yawa jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman a hanta. Abin da ke shigowa ta nama da ƙwai da man shanu shi ne ƙaramin kaso. Shi ya sa ake samun siririn manomi mai wuni a gona amma kitsen jininsa ya haura, a kuma samu mai ƙiba wanda nasa yake daidai.

Mai da ruwa ba sa haɗuwa, don haka kolestarol ba ya tafiya cikin jini shi kaɗai sai a cikin wasu ƴan ƙunshi. Ƙunshin da ake kira LDL shi ke kwashe shi daga hanta zuwa sassan jiki, kuma idan ya yi yawa yakan kutsa cikin bangon jijiyoyin jini ya daskare. Wanda ake kira HDL yana maido da wani kaso zuwa hanta. Akwai kuma maiƙo na daban, tiriglisarid, wanda sukari da giya da ƙiba da ciwon suga ke ɗagawa. Mai noman albasa a fadamar Madawa ya san yadda laka ke taruwa a tiyon injin ban ruwa sannu a hankali har ruwa ya ragu, wata rana ya tsaya cik. Haka LDL ke yi wa jijiya cikin shekaru masu yawa. Idan jijiyar zuciya ce ta toshe, sai bugun zuciya; idan ta ƙwaƙwalwa ce, sai shanyewar ɓarin jiki; idan ta ƙafa ce, sai ciwon maraƙi a kan tafiya da gyambon da ba ya warkewa. Kafin ranar, yawan kolestarol ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya nuna wata alama. Awon jini kaɗai ke fallasa shi.

Awo da wanda ke buƙatar magani

Ɗakunan awo na Nijar sun saba rubuta sakamako da giram a lita, kamar na Faransa, yayin da takardun da ake zuwa da su daga Sakkwato ko Kano suka fi amfani da milimol a lita. Giram 1 a lita daidai yake da milimol 2.6. Sanin wannan yana da amfani a yankin da majinyaci kan yi awo a wancan ɓangaren iyaka, ya kawo takardar a wannan.

Adadin LDL da ake so ya danganta da halin mai shi. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2019 ta sa ƙasa da giram 0.55 ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, ƙasa da 0.70 ga mai babban haɗari, ƙasa da 1.0 ga mai matsakaicin haɗari, da ƙasa da 1.16 ga mai ƙaramin haɗari. Ashe ke nan mutum biyu za su iya fitowa da sakamako ɗaya, a rubuta wa ɗaya magani, a sallami ɗaya da shawarar abinci. Lissafin a fili yake. Idan aka ɗauki mutum 100 da ake sa ran 30 daga cikinsu za su kamu cikin shekara 10, maganin da ke rage haɗari da kashi ɗaya bisa biyar zai tserar da mutum 6. Idan 3 ne kawai ake sa ran za su kamu, ko mutum ɗaya cikakke ba zai tserar ba, ga kuɗi an kashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarinta na kula da cututtukan da ba a ɗauka a ƙananan cibiyoyin lafiya, ta ware waɗanda suka fi cancanta: wanda ya riga ya samu ciwon jijiyar zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, mai ciwon suga da ya kai shekara 40, wanda jimillar kolestarol ɗinsa ta haura milimol 8, wato wajen giram 3.1, da wanda lissafi ya nuna haɗarinsa babba ne. A 2019 hukumar ta fitar da sabbin jadawalin lissafin haɗari na yankuna 21 na duniya, har da Afirka ta Yamma. Akwai jadawalin da ba ya buƙatar awon jini, sai shekaru da jinsi da shan taba da awon hawan jini da nauyi da tsawo. Da shi ma'aikacin cibiyar lafiya ta CSI a ƙauyen Buza ko Keita zai iya tantance wanda ya kamata a tura asibitin gunduma, ko babban asibitin jiha a Tawa, ko asibitin Galmi, domin cikakken awo.

Kafin a rubuta magani akan duba ko wani abu ne ya ɗaga kitsen: ciwon suga da ba a daidaita ba, raunin halittar wuya da ake kira tayirod, ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, ko ƙwayoyin deksametazon da wasu mata ke sha don su yi ƙiba. Idan kuma LDL ya haura giram 1.9 ga matashi, ko an san iyaye da ƴan'uwa sun yi mutuwar fuju'a da sauran ƙuruciyarsu, akan yi zargin na gado ne, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300 a duniya. Irin wannan gidan akan auna har ƴaƴa.

Hawan jini bai kamata ya fita daga lissafi ba. Binciken STEPS da aka yi a Nijar a 2007 da 2021 ya nuna fiye da baligi 1 cikin 5 na ɗauke da shi. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga a 2018, ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki, ya ɗora wa rikicewar kitsen jini wajen kashi 36, domin sababai kan haɗu a jikin mutum ɗaya. Maganin kitse ƙari ne a kan maganin hawan jini, ba ya maye gurbinsa.

Sitatin

Rukunin da ake kira sitatin shi ne ginshiƙin wannan fanni. Masanin Japan Akira Endo ne ya gano na farko a 1973 daga wata irin funfuna, yana aiki a kamfanin Sankyo. A 1985 Michael Brown da Joseph Goldstein suka samu kyautar Nobel saboda gano ƙofofin da ke fuskar hanta masu janye LDL daga jini. A 1987 aka amince da lobastatin a Amurka, sitatin na farko da ya shiga kasuwa. A jikin kwalaye masu rubutun Faransanci sunayensu na ƙarewa da «vastatine».

Aikinsu ɗaya ne. Suna tare sinadarin da hanta ke haɗa kolestarol da shi. Idan hanta ta ji ƙarancin nata, sai ta ƙara yawan ƙofofin nan, ta shiga kwasar LDL daga cikin jini.

Hujjar amfaninsu ta fi ta kowane rukuni ƙarfi. Gwajin 4S na ƙasashen arewacin Turai, wanda aka buga a 1994, ya haɗa majinyatan zuciya 4,444. Cikin shekara biyar da ɗoriya, simbastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da ƙwayar da babu magani a cikinta. A 2010 aka tattara gwaje-gwaje 26 na mutum kusan 170,000, aka ga duk milimol 1 da aka rage a LDL, wato wajen giram 0.4, yana rage manyan cututtukan jijiya da kashi 22 cikin 100. Daga nan aka fahimci cewa amfanin magani yana bin yawan abin da ya rage da tsawon lokacin da aka yi ana sha.

Bambancin da ke tsakanin sitatin

Ana raba su gida uku bisa ƙarfi. Masu ƙarfi sosai suna rage LDL da rabi ko fiye: atorbastatin miligiram 40 zuwa 80, da rosubastatin 20 zuwa 40. Matsakaita suna rage kashi 30 zuwa 49: atorbastatin 10 zuwa 20, rosubastatin 5 zuwa 10, simbastatin 20 zuwa 40, parabastatin 40 zuwa 80. Abin da ya gaza haka, kamar simbastatin 10, shi ne mai rauni. Ninka adadin ƙwaya ba ya ninka aikinta. Kashi 6 cikin 100 kawai yake ƙarawa. Saboda haka wanda simbastatin 20 bai kai shi ko kusa da adadin da ake nema ba, sauya masa magani ya fi ninka masa.

Simbastatin, mai sunan kasuwa Zocor, shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magunguna a 2007. Yana da arha da dogon tarihi. Ba ya daɗewa a jini, don haka da dare ake shan sa, lokacin da hanta ta fi ƙera kolestarol. Rauninsa shi ne yawan karo da wasu magunguna. Ba a haɗa shi da kilaritoromisin ko eritoromisin, ko ketokonazol da itirakonazol na sha, ko ritonabir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau, ko jemfiborozil, domin sukan hana hanta sarrafa shi, ya taru ya ɓata tsoka. Idan mutum na shan amlodipin, wanda ke cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa, simbastatin ba ya wuce miligiram 20. Tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta hana fara wa sabon majinyaci miligiram 80.

Atorbastatin, wanda aka sani da Tahor a ƙasashe masu amfani da Faransanci, Lipitor kuma a Najeriya, ya shiga kasuwa a 1997. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2011, kamfanoni da yawa suka shiga yin sa, farashi ya faɗi. Yana daɗewa a jini, ana shan sa kowane lokaci na yini muddin an tsayar da lokacin. Ba a rage adadinsa saboda ciwon ƙoda. Yana karo da magungunan da simbastatin ke karo da su, amma da sauƙi, kuma yana tafiya da amlodipin ba tare da wata babbar damuwa ba. A gwajin SPARCL na 2006, miligiram 80 ya rage sake shanyewar ɓarin jiki da kashi 16 cikin 100.

Rosubastatin, wato Crestor, ya fito a 2003. Miligiram da miligiram, ya fi kowa ƙarfi, kuma hanta ba ta sarrafa shi ta hanyar da sauran biyun ke bi, don haka karonsa da magunguna bai kai nasu ba. Sai dai ƙoda na da hannu wajen fitar da shi. Idan ƙoda ta yi rauni ƙwarai akan rage shi sosai ko a bar shi. Yakan kuma fi tsada.

Parabastatin mai sanyin aiki ne, amma ya fi zama lafiya da sauran magunguna, shi ya sa ake komawa gare shi ga mai shan ƙwayoyi da yawa. Pitabastatin ya yi suna a 2023 da gwajin REPRIEVE, inda ya rage cututtukan zuciya da kashi 35 cikin 100 a cikin mutum 7,769 masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau.

Misali zai daidaita lissafin. Mutumin da ya taɓa samun bugun zuciya, LDL ɗinsa giram 1.6, idan ya sha simbastatin 20 zai sauka wajen 1.05. Idan atorbastatin 40 ne zai sauka wajen 0.8. Babu wanda ya kai shi 0.55, amma na biyu ya fi kusantar da shi, kuma ƙarin magani ɗaya zai kai shi bakin adadin.

Akwai wani karo da ya shafi yankin ƙwarai. Rifampisin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta yi saurin ƙone simbastatin da atorbastatin, aikinsu ya ragu ainun a watanni shidan jinya. Efabirenz ma yana rage ƙarfinsu. Wajibi ne mai rubuta magani ya tambayi duk abin da majinyaci ke sha, har da abin da ya karɓo daga wata cibiya.

Illoli

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ciwon tsoka, musamman cinyoyi da kafaɗu na ɓangarori biyu, wanda kan fara cikin makonnin farko. Sai dai ba duk ciwon jiki ne daga magani ba. A gwajin SAMSON na Ingila a 2020, an ba mutum 60 da suka bar sitatin saboda illa kwalabe na wata-wata, wasu da magani, wasu da ƙwayar wofi, wasu babu komai. Kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da magani sun ji shi da ƙwayar wofi. A yankin da ake huɗa da hauya, ake ɗaukar buhunan albasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ke kama mutane duk damina, dalilan ciwon jiki suna da yawa. Hanyar da likitoci ke bi ita ce a tsayar da maganin mako biyu zuwa huɗu, a ga ko ciwon ya tafi, sannan a koma da ƙaramin adadi ko a sauya wani sitatin. Mafi yawan mutane sukan samu wanda jikinsu ya karɓa.

Illa mai tsanani ita ce narkewar tsoka, wadda ke iya kashe ƙoda. Ba ta cika faruwa ba, mutum ƙalilan ne cikin 100,000 a shekara. Alamarta ciwo mai tsanani da kasala da fitsari baƙi kamar shayi mai kauri. Wanda ya ga haka ya tsayar da maganin, ya nufi asibiti a ranar. Saboda wannan illa aka janye seribastatin daga kasuwa a 2001. Awon da ke nuna ɓacin tsoka, CK, yakan zama a sama ga baƙar fata da masu aikin ƙarfi ko suna lafiya lau, don haka ɗan hawansa shi kaɗai ba ya isa hujjar hana magani.

Sitatin na ɗan ɗaga sukari. Tattara gwaje-gwaje da aka yi a 2010 ya nuna cikin mutum 255 da suka sha shekara huɗu, mutum 1 zai ƙaru a masu ciwon suga, alhali waɗanda aka tserar daga ciwon zuciya sun ninka haka. Sinadaran hanta kan ɗan hau ga wasu. Akan auna su kafin a fara, musamman a Afirka ta Yamma inda ciwon hanta nau'in B ya yaɗu, kuma ba a ba mai shawara ko mai ciwon hanta da ke kan ganiyarsa.

Mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sitatin. A ƙasar da mace kan haihu sau da yawa, ta kuma shayar kusan shekara biyu, duk macen da ba ta daina haila ba sai an tambaye ta batun ciki da tazarar haihuwa kafin a rubuta mata.

Game da shanyewar ɓarin jiki, iri biyu ce: ta toshewar jijiya da ta fashewarta. A binciken SIREN kusan kashi ɗaya bisa uku na fashewa ne. Amfanin sitatin a fili yake ga ta toshewa. Ga ta fashewa, sauke hawan jini ne gaba da komai, sauran kuma likita ya auna. Hoton sikana na kai shi ke rarrabe su.

Sauran rukunai

Ezetimib, wato Ezetrol, ya fito a 2002. A hanji yake aiki, yana hana kolestarol shiga jini. Ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 10 a rana. Shi kaɗai yana rage LDL da kusan kashi 18, a kan sitatin kuma yana ƙara kashi 20 zuwa 25. Gwajin IMPROVE-IT na 2015, mai mutum 18,144, ya nuna ƙara shi a kan simbastatin ya sauke yawan kamuwa daga kashi 34.7 zuwa 32.7 cikin shekara bakwai. Ribar ba babba ba ce, amma tabbatacciya ce, illarsa kuma kaɗan. Shi ne mataki na biyu ga wanda sitatin bai ishe shi ba, kamar mutumin misalin da ya gabata, wanda zai sauka daga 0.8 zuwa wajen 0.6.

Fibarat, irin su fenofibarat mai sunan kasuwa Lipanthyl, sun daɗe a hannun likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ƙarfinsu a kan tiriglisarid yake, suna rage shi da kashi 30 zuwa 50. Gwajin ACCORD na 2010 bai nuna ƙara fenofibarat a kan sitatin ya rage bugun zuciya ga jimillar masu ciwon suga ba. Gurbinsa shi ne idan tiriglisarid ya haura giram 5, inda ake tsoron kumburin fankiriyas, halittar da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Rubuta fenofibarat a madadin sitatin ga mai yawan LDL kuskure ne.

Kolestiramin, wato Questran, gari ne da ake damawa a ruwa. Yana kama ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, yana rage LDL da kashi 15 zuwa 25. Ba ya shiga jini, shi ya sa likita kan iya ba mai ciki idan ta kama dole. Yana sa kumburin ciki da taurin bayan gida, yana ɗaga tiriglisarid, yana kuma riƙe sauran magunguna, sai an sha su awa ɗaya kafinsa ko awa huɗu bayansa. Maganin niyasin kuwa an daina yayinsa. Yana ɗaga HDL, amma manyan gwaje-gwaje na 2011 da 2014 ba su ga ya tserar da kowa ba idan an ɗora shi a kan sitatin.

Allurai masu tare furotin PCSK9 su ne mafi ƙarfi. Masu bincike a Faransa da Kanada suka gano furotin ɗin a 2003. Aikinsa lalata ƙofofin hanta masu janye LDL. A 2006 wani bincike a Amurka ya nuna kashi 2.6 cikin 100 na baƙaƙen fatar da aka duba sun gaji raunin wannan furotin, LDL ɗinsu ya gaza na sauran da kashi 28, ciwon jijiyar zuciya kuma ya ragu musu da kashi 88. Wannan ne ya zaburar da kamfanoni. A 2015 aka amince da Praluent da Repatha, allurai na mako biyu-biyu ko wata-wata masu rage LDL da kashi 50 zuwa 60 a kan abin da sitatin ya rage. Gwaje-gwajen 2017 da 2018 sun nuna kowannensu ya rage cututtukan jijiya da kashi 15. Leqvio, wanda Turai ta amince da shi a 2020, ana yin sa sau biyu a shekara bayan alluran farko. Dukansu suna da tsadar da ta fi ƙarfin talaka, kuma biyun farko a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 da 8.

Asid bempedoyik, wanda ya fito a 2020, ƙwaya ce da aka yi domin waɗanda jikinsu ya ƙi sitatin. Yana rage LDL da kusan kashi 20. Gwajin 2023 mai mutum 13,970 ya nuna ragin haɗari na kashi 13. Yana iya tayar da ciwon gaɓoɓi na gawut.

Abin da yanayin yankin ke buƙata

Magani ne na tsawon rai. Idan aka daina, kitsen na komawa inda yake cikin makonni kaɗan. Kyautar jinya da Nijar ta kafa a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da wasu ɓangarori na kula da masu ciki. Maganin dattijo mai ciwon zuciya daga aljihun iyali yake fita, wata bayan wata. Don haka tambayar farko ita ce wanne iyalin za su iya saye har a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Atorbastatin ko simbastatin na gama-gari, wanda ba ya ɗauke da sunan babban kamfani, sinadarinsa ɗaya da mai suna idan daga amintacciyar hanya ya fito. Haka nan ƙwayar da ta haɗa sitatin da maganin hawan jini wuri ɗaya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magunguna a 2023, tana rage mantuwa.

Inda aka sayi maganin yana da muhimmanci kamar sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Jabun maganin zazzaɓi yakan tona kansa cikin kwana uku. Jabun maganin kitse kuwa mutum zai shekara yana sha bai sani ba, tunda cutar ba ta da alama. Farmasi mai lasisi da ma'ajiyar magani ta asibiti, waɗanda hukumar magunguna ta ONPPC da dillalai masu izini ke kai wa kaya, su ne wurin saye. Tiren mai talla da ke yawo kasuwa-kasuwa cikin rana ba wurin saye ba ne. Yawancin waɗannan ƙwayoyi ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 zuwa 30, alhali zafin Afrilu da Mayu a yankin na haura 40. A gida ana barin su cikin takardarsu, a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufin kwano.

Azumin Ramadan ba ya hana sha, tunda sau ɗaya ne a rana. Ana shan sa bayan buɗa-baki ko kafin kwanciya. Ƴan bida da ke tafiya Abijan ko Legas ko Libiya bayan kaka suna buƙatar takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin da adadinsa, domin sunan kasuwa na sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Bayan fara magani akan sake awo tsakanin mako 4 da 12, daga nan sau ɗaya a shekara.

Gyaran abinci yana tafiya tare da magani. Man gyaɗa ya fi man shanu da manja da kitsen rago sauƙi ga jijiya. Gero da dawa da wake da kuɓewa da ganyen zogale suna taimakawa. Kilishin da Madawa ta yi suna da shi jan nama ne marar kitse sosai, abin lura a cikinsa gishiri ne da dunƙulen ɗanɗano. Gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, taba kuma a bar ta gaba ɗaya. Gyaran abinci yakan rage LDL da kashi 10 zuwa 15, wanda ya ishi mai ƙaramin haɗari amma bai ishi wanda ya riga ya kamu ba. Tafarnuwa da zoɓo da jiƙe-jiƙe ba su da gwaji irin na 4S da ya nuna sun hana mutuwa.

Idan aka auna ƙarfi da hujja da kuɗi da sauƙin ajiya, atorbastatin na gama-gari shi ne zaɓin farko ga mafi yawan majinyatan Madawa, Buza da Keita: miligiram 10 zuwa 20 ga mai ciwon suga ko mai babban haɗari da bai kamu ba, 40 zuwa 80 ga wanda ya riga ya kamu. Simbastatin 20 zuwa 40 ya wadatar inda shi ake samu, muddin an kiyaye karonsa da amlodipin da sauran magunguna. Rosubastatin da parabastatin na waɗanda na farko bai karɓe su ba ne. Ezetimib shi ne ƙari na farko, fenofibarat na tiriglisarid mai yawan gaske ne, allurai kuma na masu cutar gado da ƴan kaɗan da ke hannun likitan zuciya. Likita ne ke zaɓa bayan awo, majinyaci kuma ba ya farawa ko dainawa da ra'ayin kansa.